Fitilun Kaduna da daren dajin Afaka: Ina hasken da muke biya yake tafiya?

Tun daga watan Yunin 2019, lokacin da gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta ƙaddamar da shirin sabunta birnin Kaduna, daren arewacin kogi ya sauya kama. An faɗaɗa tituna, an sake gina gadar Kawo wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a watan Janairun 2022, an kuma jera fitilu masu farin haske a manyan hanyoyi. Gidajen mai da manyan shaguna da sababbin rukunonin gidaje suka bi sahu da nasu fitilun, yawancinsu masu aiki da hasken rana. Duk wanda ya san duhun da ya taɓa mamaye wasu sassan titin Ali Akilu ko Ahmadu Bello zai yi maraba da wannan sauyi. Mai shayi ya ƙara sa'o'in ciniki, mai Keke Napep yana hango rami kafin ya faɗa, ma'aikaciyar asibiti da ta tashi aikin dare tana komawa gida da ɗan kwanciyar hankali.

Sai dai birnin yana faɗaɗa ne ta yamma da arewa maso yamma, wato ta Mando da Rigasa da hanyar filin jirgin sama, kuma a nan ne keɓantaccen dajin Afaka yake. An keɓe shi tun shekarun 1950, a yankin da yanzu yake Ƙaramar Hukumar Igabi, domin raya itatuwa da gwajin dashe. Yau dajin yana maƙwabtaka da filin jirgin sama na Kaduna, da mazaunin dindindin na Kwalejin Horar da Hafsoshin Soja ta NDA, da Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya, ga kuma unguwannin da ke ta matsowa. An jima ana kokawa kan sare itatuwansa da gasa gawayi da cin iyakarsa. Akwai wata ɓarnar kuma da ba a cika ambata ba, domin ba ta barin kututture ko toka: dajin yana rasa darensa.

Yadda haske ke zama gurɓata

Ga mai karatu da ya kwana uku babu wuta, batun cewa haske ya yi yawa zai iya zama kamar zolaya. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2021 cewa 'yan Najeriya miliyan 85 ba su haɗe da layin lantarki ba. Saboda haka ya kamata a fayyace abin da ake nufi tun da wuri. Masana na kiran haske gurɓata idan ya faɗa inda ba a buƙatarsa, ko a lokacin da ba a buƙatarsa, ko da ƙarfin da ya wuce buƙata. Fitilar da ke haska kwalta tana aikinta. Wadda aka ɗaga fuskarta tana harba haske cikin ido da sama da kan bishiyoyi, kuɗin mai ita take ƙonawa, tana kuma cutar da wasu.

Hasken da ya tsere sama yana karo da ƙura da danshin iska, sai ya warwatsu ya dawo ƙasa a wuri mai nisa. Shi ne jan hayaƙin nan da matafiyi ke hangowa a saman Kaduna tun yana kan hanyar Zariya. A lokacin hunturu ƙura tana ƙara warwatsa shi, da damina kuma gajimare yana mayar da shi ƙasa kamar madubi. Wani bincike da aka yi a birnin Balin na Jamus ya nuna cewa gajimare na iya ninka hasken saman birni har kusan sau goma. Ma'anar wannan ita ce, ba sai an kafa fitila a cikin daji ba kafin darensa ya lalace. Shingen waya na iya tare shanu, mai gadi na iya tare mai gatari, amma babu ɗayansu da ke tare haske.

Alƙaluman duniya sun nuna girman lamarin. Taswirar hasken dare da Fabio Falchi da abokan aikinsa suka wallafa a 2016 ta nuna cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na mutanen duniya suna kwana ƙarƙashin sama mai gurɓataccen haske, kuma kashi ɗaya cikin uku ba sa iya ganin farin zanen taurarin nan da ke ratsa tsakiyar sama a dare mai duhu. Ƙasashen da suka fi tsaftar dare a taswirar sun haɗa da maƙwabciyarmu Chadi da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da Madagaska. A 2023, wani binciken da Christopher Kyba ya jagoranta, wanda ya dogara da rahotannin dubban mutanen da suka ƙirga taurari da idonsu daga 2011 zuwa 2022, ya gano cewa hasken sama yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin 100 duk shekara. Su ma wuraren da aka keɓe ba su tsira ba. Masu bincike a Jami'ar Exeter ta Ingila sun bayyana cewa, cikin yankunan da aka amince su ne mafi muhimmanci ga halittu a duniya, waɗanda darensu ke nan daram ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba.

Daga jemage zuwa tukunyar miya

Mai yiwuwa ɗan kasuwa a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ya tambaya: to ni ina ruwana da daren daji? Amsar tana cikin buhunan da ke gabansa. Furen kuka da yamma yake buɗewa, ya kwana yana jiran baƙonsa, kuma a Afirka ta Yamma babban baƙon nan jemage ne. Ɗorawa ma haka take: jajayen furanninta masu lilo da dare suke zubo zaƙi, jemagu su zo su sha, su kwashi garin fure daga wannan bishiya zuwa waccan. Rimi, wanda wata tsohuwar unguwa a Kaduna ta ari sunansa, shi ma da dare yake fure, jemage yake jira. Idan babu wannan zirga-zirga ta dare, 'ya'yan itacen za su ragu. Daga kalwar ɗorawa ake daddawa, kukar da ke ba mu miya kuwa da ƙwallonta take yaɗuwa, audugar rimi kuma matashin kai. Wannan ciniki ne na mata a karkara da dillalai a birni.

Jemage mai cin 'ya'yan itace kuma manomi ne da ba ya karɓar lada. Binciken da aka yi a kan garken jemagun birnin Akara na Ghana ya nuna suna iya kai iri nisan kilomita 75 daga inda suka ci shi. Dajin da aka sare, irin Afaka, yana dogara da irin waɗannan masu kai iri kafin ya farfaɗo. A ƙasar Kosta Rika kuwa an gwada a 2014, aka ga jemagu masu cin 'ya'yan itace suna ƙaurace wa bishiyar da aka haska, su koma wadda ke cikin duhu. Layin fitilu guda a bakin daji na iya zame musu katanga.

Ƙwari kuwa kowa shaida ne. Da ruwan farko ya sauka, yara kan ɗauki kwano su nufi ƙarƙashin fitila domin kamun gina. Abin da ke faruwa da gina dare ɗaya ko biyu a shekara, shi ke faruwa da dubban wasu ƙwari kowane dare: su yi ta kewaya ƙwan fitila har su gaji su faɗi, ba su kai ga fure ba, ba su hayayyafa ba. Wani gwaji da Eva Knop ta jagoranta a Suwizalan, aka wallafa a 2017, ya kafa fitilun titi a filayen ciyawa da ba su taɓa ganin haske ba. Ziyarar ƙwarin dare ga furanni ta ragu da kashi 62 cikin 100, 'ya'yan tsiron da aka sa wa ido kuma suka ragu da kashi 13. Har buzuzu mai tura kashi, an tabbatar a Afirka ta Kudu a 2013 cewa da hasken taurari yake daidaita hanyarsa.

Sai tsuntsaye. Arewacin Najeriya masauki ne ga tsuntsayen da ke gudo wa sanyin Turai, su ƙetare Sahara, su iso wajejen Satumba zuwa Nuwamba, su juya a Maris da Afrilu. Akasarin ƙananansu da dare suke tafiya. Dausayin Haɗeja da Nguru, wanda wani ɓangarensa ya shiga jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2000, yana karɓar dubun-dubatarsu. Hasken birni yana janye su daga hanya, su yi ta shawagi har ƙarfinsu ya ƙare, ko su yi karo da gini. A dare ɗaya cikin Oktoban 2023, kusan tsuntsaye dubu ne suka mutu a jikin wani babban zauren taro a Shikago ta Amurka. Najeriya na cikin ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan dabbobi masu ƙaura, wadda taronta na Gandhinagar a Indiya ya zartar da ƙuduri kan gurɓatar haske a Fabrairun 2020.

Dare rigar mugu

Duk wannan bayani zai gamu da hujja mai nauyi a Kaduna, wato tsaro. A daren 11 ga Maris 2021 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gandun Daji ta Afaka suka tafi da ɗalibai 39. A ranar 24 ga Agustan shekarar suka kai hari cikin NDA, suka kashe hafsoshi biyu, suka ɗauke ɗaya. A Maris 2022 aka kai hari kusa da titin saukar jiragen filin jirgin Kaduna, bayan kwana biyu kuma aka tare jirgin ƙasan Abuja. Mutumin da ke zaune a Mando ko bayan tashar Rigasa, idan ya kalli daji da dare, ba jemage yake tunani ba. Hausawa sun ce dare rigar mugu, kuma mutanen nan sun ga ma'anar karin maganar da idonsu. Wanda ya ce musu su kashe fitila saboda tsuntsu bai san halin da suke ciki ba.

Bincike ma yana goyon bayansu har wani matsayi. A wani gwaji da aka yi a rukunonin gidajen gwamnati na birnin New York a 2016, ƙarin fitilu ya rage manyan laifukan da ake aikatawa a waje da dare da kimanin kashi 36 cikin 100. A ɗaya gefen kuma, nazarin da aka wallafa a 2015 kan ƙananan hukumomi 62 a Ingila da Wales, waɗanda suka rage ƙarfin fitilu ko suka kashe wasu bayan tsakar dare, bai ga ƙaruwar laifi ko haɗarin mota ba. Idan aka haɗa biyun, darasin shi ne haske yana taimako inda mutane ke kai-komo kuma akwai idon da zai gani, amma yawansa kaɗai ba ya sayen aminci.

Duk mai gadi ya san wani abu game da wannan. Fitila mai ƙarfi da ke dukan ido tana kashe gani. Ƙwayar ido tana tsukewa, duk abin da ke bayan da'irar hasken ya koma baƙi ƙirin. Wanda ke cikin duhu yana ganin mai gadi sarai, shi kuwa mai gadi ba ya ganinsa. Direban da ya fito daga duhun hanyar Birnin Gwari ya ci karo da fitilun gidan mai ya san yadda ido ke ɗaukar ɗan lokaci kafin ya dawo. Fitilar da aka yi wa hula, aka sunkuyar da ita kan ƙofa da katanga da hanya, ta fi amfani ga tsaro, kuma ita ce ba ta damun daji. A nan buƙatar mai gida da ta jemage sun haɗu.

Kamuku da duhun da ba doka ce ta tsare shi ba

Tafiyar kilomita ɗari da ɗoriya yamma da Kaduna, a ƙasar Birnin Gwari, akwai Gandun Dajin Ƙasa na Kamuku. An keɓe shi a 1936 a zamanin En'e, aka ɗaga shi zuwa gandun ƙasa a 1999, kuma faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 1,120. An lissafa nau'in tsuntsaye fiye da 170 a cikinsa, an kuma san shi da giwa da gwanki. Darensa yana nan da duhunsa, amma dalilin abin takaici ne. Shekara da shekaru 'yan bindiga sun mayar da shi mafaka, ƙauyukan gefensa sun watse ko sun zauna babu lantarki. Talauci da tsoro ne suka tsare duhun.

A ƙarshen 2024 gwamnatin Sanata Uba Sani ta sanar da sulhu a Birnin Gwari, aka sake buɗe kasuwar shanu, motoci suka dawo hanya. Idan zaman lafiyar ya ɗore, kamar yadda kowa ke fata, ayyuka za su biyo baya, kuma na farko a cikinsu galibi fitilun titi ne, domin su ne aikin da ɗan siyasa ke iya nunawa cikin mako guda. Ƙungiyar BudgIT mai bin diddigin kasafi ta ce a kasafin tarayya na 2025 kaɗai an cusa ayyukan fitilun titi 1,477 na kimanin naira biliyan 393. Mutanen Birnin Gwari sun cancanci haske kamar kowa. Tambayar ita ce wace irin fitila za a kafa a ƙauyukan da ke bakin gandun, kuma ina za ta fuskanta. Tambayar ta shafi dajin Falgore a Kano da Kogo a Katsina da dausayin Haɗeja a Jigawa, waɗanda ke cikin sababbin gandayen ƙasa goma da aka amince da su a 2020, ta kuma shafi Yankari a Bauchi.

Wasu ƙasashen Afirka sun riga sun mayar da duhu jari. A 2012 aka ayyana gandun NamibRand na Namibiya a matsayin wurin da ake kare duhun samansa, kuma baƙi na biyan kuɗi su kwana can domin kallon taurari kawai. Afirka ta Kudu ta samu irin wannan shaida a wani yanki na hamadar Kalahari a 2019. Faransa kuwa ta kafa doka a Disamban 2018 wadda ta ƙayyade lokacin kashe fitilun shaguna da ofisoshi, ta taƙaita hasken da ke tashi sama, ta kuma tsananta sharuɗɗa a keɓantattun wurare. Abin da waɗannan ƙasashe ke kashe kuɗi su maido, Kamuku yana da shi a hannu.

Gyaran yana cikin takardar kwangila

Wannan gurɓata ta bambanta da sauran ta fuska ɗaya: ba ta barin dafi a ƙasa ko a ruwa. Ranar da aka gyara fitila, ranar dare ke dawowa. Kuma gyaran ya fi araha kafin a saya. Sharuɗɗa huɗu ne, kowane jami'in sayen kaya zai iya rubuta su a shafi guda.

Na farko, fitila ta kasance mai hula, fuskarta a shimfiɗe tana kallon ƙasa, kada haske ya wuce saman kanta. Yawancin fitilun sola da ake kafawa a unguwanni a karkace suke, domin an haɗe farantin da ƙwan a jiki ɗaya, mai kafawa kuma yana neman rana. Na biyu, launi. Farin haske mai shuɗi-shuɗi ya fi warwatsuwa a sama, ya fi jan ƙwari, ya fi hana barci. A jikin kwalin kowace fitilar LED akwai lamba mai harafin K. Wadda ta cika kasuwanninmu 6500K ce. Ƙungiyar Likitocin Amurka ta ba da shawara a 2016 cewa fitilun titi kada su wuce 3000K, a bakin daji kuwa 2700K ko ƙasa da haka ya fi. Na uku, lokaci. Fitilar da ke rage ƙarfi bayan tsakar dare, ta ƙaru idan ta ji motsi, tana tsawaita ran batir, kuma kowa ya san batir ne ke fara mutuwa a fitilar sola. Na huɗu, tazara: a shata wani yanki a kewayen Afaka da Kamuku inda waɗannan sharuɗɗa za su zama tilas ga gwamnati da masu zaman kansu, ban da fitilun da dokar sufurin jiragen sama ta wajabta.

Hukumomin da za su yi aikin suna nan. KASUPDA ce ke ba da izinin gini a Kaduna, tana iya sanya tsarin fitilun waje cikin abin da take dubawa ga gidajen mai da rukunonin gidaje. Hukumar kare muhalli ta jihar, KEPA, tana iya sa ido. Dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 ta riga ta wajabta nazari kafin manyan ayyuka, sai a riƙa tambayar haske a ciki. Hukumar NESREA ta tarayya ta fitar da ƙa'idar hayaniya tun 2009, kuma haske ya cancanci irin wannan ƙa'ida. Hukumar Gandayen Daji ta Ƙasa kuwa tana iya farawa da nata sansanoni da ƙofofi.

Ɗan kasuwa ba sai ya jira gwamnati ba, lissafi ya ishe shi. Tun Afrilun 2024 masu rukunin A na lantarki suke biyan sama da naira 200 kan kowane yunit. Fitila mai wat 100 da ke ci awa 11 a dare tana shan yunit 33 a wata, wato kimanin naira 6,600. Gidan man da ke da goma irinta yana biyan naira 66,000. Idan kashi ɗaya cikin uku na hasken sama yake tafiya, naira 22,000 ke nan duk wata ake haska gajimare da su. Masu shigo da fitilu daga Legas da Kano kuma abin da aka tambaya suke kawowa. Ranar da kwangilar gwamnati ta fara neman 3000K mai hula, ranar za ta cika shaguna.

Akwai kuma asarar da ba ta shiga lissafin naira. Manoman ƙasar Hausa sun daɗe suna duban Kaza da 'Ya'yanta domin sanin matsowar damina, matafiya suna tashi da Gamzaki, malamai suna koyar da lissafin taurari. Yaron da ya tashi a Unguwar Sarki ko Malali yau da wuya ya iya nuna Kaza a sama. Kakanni da suka ce dare rigar mugu, su ne kuma suka ce dare mahutar bawa. Fitilun da za a kafa a hanyar Mando da ta Birnin Gwari cikin shekaru biyu masu zuwa za su tsaya shekara goma ko fiye, kuma a ofisoshin da ke arewacin kogin nan za a sa hannu a kan takardunsu. Kafin a sa hannun, ya dace wani ya tambayi ɗan kwangila lambar da ke jikin kwali, da kuma inda fuskar fitilar za ta kalla.